An ɗinke rauni an sallame ta, wa zai zauna da ita?

Kwanakin baya na je dubiya wani asibiti a nan cikin Katsina. A gadon da ke kusa da na wadda muka je dubawa, wata mata ce kwance, da gani ta haura talatin, an ɗaura mata ruwa, ta juya fuskarta bango. 'Yan'uwanta sun yi mata rumfa, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Daga maganganunsu na fahimci ita ta yi wa kanta illa, Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba.

Wata dattijuwa, ina jin gwaggonta ce, ta ce, "Ke yanzu da kin mutu, ina kika nufa? Kin ja mana abin faɗa a unguwa." Wani namiji daga bakin ƙofa ya ce a rabu da ita, so take a lallashe ta. Can likita ya shigo zagaye, ya duba kati, ya ce jiki ya yi kyau, gobe sai gida. Iya zamana a wurin ban ji wanda ya tambaye ta me ya yi zafi ba.

Ban ga laifin likitan ba, layi ne ke jiransa a waje. Tsarin ne ke ba ni haushi. Matsayata ita ce: babban mutum da ya cutar da kansa da gangan, ko ya nufi mutuwa ko bai nufa ba, jinyarsa ba ta ƙarewa ranar da aka cire masa robar ƙarin ruwa. Yana buƙatar wanda ya koyi aikin ya zauna da shi, zama bayan zama, na wasu makonni, a kuma taɓa abin da ke cinsa a gida ko a kasuwa. Ina kuma ganin Jihar Katsina za ta iya fara wannan da ma'aikatan lafiyar da take biya albashi yanzu haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, waɗanda suka gwada suka rayu kuwa sun ninka haka sau da yawa. Cikin duk alamomin da ake duba wa haɗari ya fi kusa da shi, babu wadda ta kai yunƙurin baya ƙarfi, kuma watannin farko bayan sallama su ne mafi haɗari. Daidai lokacin da mu muke cewa "ai ta warke" ke nan.

Ba kuma kowa ne mutuwa yake nema ba. Akwai mai ji wa jikinsa ciwo don ƙuncin da ke ƙirjinsa ya ɗan sassauta, ya ɓoye tabon cikin hannun riga ko ƙarƙashin hijabi, shekara da shekaru ba wanda ya sani. Mukan ɗauka halin 'yan mata ne masu ƙuruciya. Akwai magidanta a ciki, akwai uwar 'ya'ya. Akwai wanda ya sayar da gona da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa a Batsari ko Safana, yau yana tura baro a birni. Akwai matar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga aka ce ta ja bakinta kada duniya ta ji.

Me ake yi a irin wannan zaman?

Da yawa in sun ji an ce jinya ta hanyar magana, sai su ɗauka hira ce da ban haƙuri. Aiki ne mai tsari. Wanda aka fi gwadawa shi ne na gyaran tunani da ɗabi'a, likitoci na taƙaita sunansa da CBT, kuma wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, shi ya aza harsashinsa a shekarun 1960.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar hatsi da ya ci bashi ya sayi masara da tsada, farashi ya karye, masu bin sa suka fara sallama a ƙofar gida tun bai karya kumallo ba. A zaman farko ba a yi masa wa'azi. Cewa ake yi ya warware ranar da abin ya faru daki-daki: wa ya kira shi da safe, me aka ce masa, ina ya nufa bayan la'asar, ya ci abinci ko bai ci ba, ya sha wani abu ko bai sha ba, wane tunani ne ya zo masa daf da lokacin. A nan ne sau da yawa mutum ke fara ganin cewa hawa-hawa abin ya zo masa, kuma akwai wuri biyu ko uku da za a iya tare shi.

Sai a zo kan tunanin. Ya ce, "Na zama kaya a wuyan iyalina, in babu ni za su fi samun sauƙi." Mai zama da shi ba zai ce "haba Alhaji, daina faɗin haka" ba. Tambayarsa zai yi. In babu kai, bashin faɗuwa zai yi, ko daga ɗan abin da ka bari za a fara cire shi kafin marayu su ga komai? Autarka, wa take fara nema in ta tashi barci? Da amininka ne a wannan halin, haka za ka ce masa? A hankali mutumin da kansa yake gano cewa maganar da ya riƙe ƙam a matsayin gaskiya tana da ɓaraka.

Daga nan sai bashin kansa. A ɗauko takarda a rubuta: wa da wa ke bi, nawa-nawa, wa zai iya ɗaga ƙafa, wa ya kamata a je masa da dattijo. A zaɓi abu ɗaya tak, mai yiwuwa, da zai yi kafin zama na gaba. Sati ya zagayo a tambaye shi ya aka ƙare.

Akwai kuma 'yar takardar da ake rubutawa tare da shi tun ranar farko, ya sa a aljihu. A ciki akwai alamomin da yake ji in abin ya fara taso masa, abin da zai yi ya ɗauke hankalinsa, wurin da zai je ya shiga mutane, mutum biyu da zai kira ko da tsakar dare ne, da yarjejeniyar cewa maganin feshi da ragowar ƙwayoyin asibiti za su bar ɗakinsa su koma hannun wani, a kulle. Kada a raina wannan na ƙarshen. Zuciyar da ke ɗibar mutum sau da yawa ba ta daɗewa, in abin ba ya kusa da hannu takan sauka.

A 2005 an wallafa wani gwaji da aka yi a Filadalfiya ta Amurka. Manya 120 da suka yi yunƙurin kashe kansu aka raba biyu, rabi suka yi zama goma irin wannan. Cikin wata 18, yiwuwar sake yunƙuri a wurinsu ta ragu da kusan rabi in aka kwatanta da sauran. A 2021 kuma ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 76 da suka ƙunshi mutum 21,414. Sun samu cewa CBT na iya rage maimaita cutar da kai, amma sun faɗa a fili cewa hujjar ba ta yi ƙarfi sosai ba. Na kawo wannan ne don kada a ce tallan sha-yanzu-magani-yanzu nake yi. Ba kowa yake yi wa aiki ba. To amma abin da muke yi yanzu, faɗa da gori da sallama, wa ya taɓa gwada shi ya ga amfaninsa?

Ga masu maimaitawa kai-da-kai akwai wani tsarin mai tsawo, DBT, da kan ɗauki kusan shekara. Ana haɗa zaman mutum ɗaya da na rukuni, ana koya wa mutum jure tafasar zuciya ba tare da ya taɓa jikinsa ba. Wadda ta ƙirƙiro shi, Marsha Linehan, sai a 2011 ta bayyana wa duniya cewa ita ma a ƙuruciyarta an kwantar da ita asibiti tana cutar da kanta. Wannan kam sai ƙwararru, ban sa ran ganinsa a asibitin ƙauye nan kusa ba.

"Ai rashin tawakkali ne, wa'azi ya ishe shi"

Wannan ce maganar da za a fara jefo mini, kuma masu faɗinta ba mugaye ba ne. Kashe kai haramun ne, babu Musulmin da ke jayayya a kai. Sai dai ayar da ta hana, a Suratun Nisa'i aya ta 29, da rahama ta rufe: kada ku kashe kawunanku, lalle Allah Mai jin ƙai ne a gare ku. Mu kuwa rabin farko muke karanta wa majinyaci, da ƙarfi, a gaban mutane.

A cikin Sahihu Muslim akwai ƙissar mutumin da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu bn Amr, ciwo ya tsananta masa, ya kasa jurewa ya ji wa hannayensa rauni har ya rasu. Da Ɗufailu ya ba da labarin mafarkin da ya yi da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, addu'a ya yi: Ya Allah, hannayensa ma Ka gafarta musu. In wanda ya riga ya tafi ya samu addu'a, me zai sa wanda ke kwance da ransa a gabanmu ya samu tsinuwa?

Gyaran tunanin ma ba baƙonmu ba ne. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai. Ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, don ya tari munana da su in sun taso. Shekara dubu ke nan kafin Beck.

A wurin nasiha malam ne ke magana, mai damuwa ya sunkuyar da kai yana "na'am, Allah gafarta Malam". A zaman jinya shi ne ke magana. Wanda ya yi wa kansa illa ya san haramun ne tun yana makarantar allo. Sanin bai tare shi jiya ba, maimaita masa kaɗai ba zai tare shi gobe ba. A yi masa addu'a, a yi ruƙya in iyali na so, liman ya riƙa leƙa shi, duk ƙarin ƙarfi ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce iska ce a tsaya nan, ko a kai shi gidan mari. Ba mu manta Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum 67 daga wani gida irin wannan a Daura, wasu da sarƙa a ƙafa, akasarinsu kuma dangi ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali.

"So take a kula ta"

To a kula ta mana. Wanda sai da ya illata jikinsa kafin mutanen gidansu su waiwaye shi, ai matsalar ta nuna kanta. Ba kuma a gane mai barazana da mai yi da gaske daga girman rauni. Da dama waɗanda aka ce wasa suke yi, karo na gaba ne ya tafi da su.

Haka tsoron da ake ji cewa in ka tambayi mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ka cusa masa ra'ayin. Bincike bai gaskata wannan ba. Sau da yawa sauƙi tambayar ke kawo masa, ya samu wanda zai faɗa wa.

"Surutu ba ya biyan bashi"

Wannan ce hujjar da ta fi nauyi a wurina, kuma rabinta gaskiya ne. Matar da mijinta ke duka, in ka yi mata zama goma ka mayar da ita ɗakin nan ba abin da ya sauya, kamar mai kwashe ruwa ne a tsakar ɗaki alhali rufin na yoyo. Shi ya sa ba na raba jinyar zuciya da gyaran zamantakewa. Dole wani ya bi ta gida, da yardarta: waliyyinta ya sani, a kira mijin gaban manya ko Hisba ko kotu, in zaman ba zai yiwu ba a nema mata mafita ta shari'a. Mai bashi a haɗa shi da masu bin sa a gaban shugaban 'yan kasuwa ko mai unguwa. Cikin kashi takwas na mutanen da Alƙur'ani ya ce a ba zakka har da wanda bashi ya yi wa katutu, amma yaushe rabon da ka ji attajiri ya cire zakka ya fanshi wani daga bashi? Wanda ƙwaya ta kama kuwa, dole a haɗa da jinyar shaye-shayen.

Sauran rabin kuma shi ne, mutane da yawa bashi ya danne a layi ɗaya na kasuwa, ba duka ke cutar da kansu ba. Wanda ya yi, ƙofofi ne suka rufe a idonsa, ya daina ganin dabara. Dawo masa da dabarar shi ne aikin zaman. A Karaci ta Pakistan, cikin Musulmi masu fama da talauci da zaman dangi irin namu, an gwada zama shida cikin wata uku na koyon warware matsala, da harshen mutanen da misalan rayuwarsu, ga waɗanda aka kwantar bayan sun cutar da kansu. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna tunanin kashe kai da yanke ƙauna sun ragu a wurinsu fiye da waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba. Ba kuɗi aka raba musu ba.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye, mu jihar manoma, shi ne maganin feshi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na kashe kai a duniya da maganin ƙwari ake yi. Siri Lanka ta haramta mafi haɗarinsu, tsakanin 1995 da 2015 yawan kashe kai ya faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari, noma kuma bai durƙushe ba. A nan hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da wasu ƙananan kwalabe a 2019. Amma zaga kasuwar ƙauye ranar cinta ka ga yadda ake baje irin kayan nan a ƙasa, a gida kuma a tura su ƙarƙashin gado.

"Ina likitocin?"

Babu su, gaskiya ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kullum kuma wasu na haɗa kaya suna fita waje. Akwai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware ta Sakkwato, amma mutumin Baure ko Sabuwa ba zai iya zuwa ko Katsina sau goma ba, balle can.

Sai dai aikin nan ba duka ne sai likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gwaji a ƙasashe biyar, Barazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, kan mutum 1,867 da aka kawo asibiti bayan yunƙurin kashe kai. Wasu aka ba su jinyar da aka saba. Wasu kuma aka ƙara musu zaman awa guda kafin su tafi gida, sannan ma'aikacin lafiya ya kira su ko ya ziyarce su sau tara cikin wata 18. A rukunin farko mutum 18 suka kashe kansu, a na biyu mutum 2. Tun 2008 aka wallafa wannan. Zaman awa guda da waiwaye tara bai fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma ba.

A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama a benci a harabar asibitocin unguwa suna yi wa masu ciwon damuwa zama shida na warware matsala, gwajin da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna abin na aiki. A nan gida, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa sauke masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, maimakon a kulle su. Littafin horar da ƙananan ma'aikatan lafiya ma akwai shi, mhGAP, da babi guda kan cutar da kai, Najeriya ta riga ta karɓe shi ta daidaita shi da yanayinta.

Jihar da ta iya tura mata gida-gida da akwatin rigakafin shan inna har rugage, ta iya horar da mutum biyu, mace da namiji, a kowace ƙaramar hukuma cikin 34 ɗin nan. Ma'aikatar Lafiya kuma na iya fitar da takarda ɗaya ga asibitocinta: duk wanda aka kawo ya cutar da kansa, kada a sallame shi sai wani ya keɓe da shi, an rubuta takardar aljihun nan, an karɓi lambar wayarsa da ta wanda ya amince wa, an sa masa ranar dawowa cikin mako guda. In bai zo ba a kira shi.

Inda nake jin tsoro shi ne sirri. Mun taso da jin cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma mai faɗin haka na da dalilinsa. A gari kamar Daura ko Mani, nas ɗin da za ka buɗe wa cikinka wataƙila ajinsu ɗaya da matarka a Islamiyya. Magana ɗaya ta fita an gama, ba mai sake zuwa, 'yan matan gidan ma sai an sha wuya wajen aurensu. Don haka ɗakin zaman ya zama mai ƙofa, kada a liƙa masa allon "masu taɓin hankali" a goshi, ma'aikacin da ya fitar da sirri kuma a hukunta shi yadda na baya za su ji. Mace kuma, mace 'yar'uwarta ta gani, a fahimtar da maigida tun farko cewa komawa asibitin cikin jinyar yake, kada sati biyu ya ce ai ta warke, yawon me za ta.

Dokar da ke korar mutane daga asibiti

Ko an samar da duk wannan, akwai abin da zai hana mutane fitowa. Dokar hukunta laifuka, wato final kod, da Arewa ta fara aiki da ita a 1960, sashe na 231, ta ɗauki yunƙurin kashe kai laifi, da ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ko duka biyun. Ko ba a cika kai mutane kotu ba, kowa na tsoron a ce zancen ya kai ga 'yan sanda. Shi ya sa dangi ke cewa kuskure ne, ta ɗauka maganin tari ne, ko a kira mai kemis ya ɗaura ruwa a gida a rufe zance. Wanda aka rubuta wa "kuskure" a kati kuwa, ba mai bin sa da wani zama.

Ita wannan final kod ɗin daga ta Sudan aka kwaikwayo ta, ita kuma daga wadda Turawan mulkin mallaka suka rubuta wa Indiya. Su Turawan Ingila sun soke wannan laifin a ƙasarsu tun 1961. Gana ta soke a 2023. Legas ta gyara tata yadda asibiti kotu za ta tura mutum maimakon kurkuku. A Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ita wannan dokar ba ta goge laifin ba.

Dokokin laifuka irin wannan a hannun jihohi suke, don haka Majalisar Dokokin Katsina ba ta buƙatar jiran Abuja. Cire ɗauri bai halatta aikin ba, haramcinsa a addini na nan daram. Abin da zai sauya shi ne dangi su daina ƙarya a gaban likita. Shawarata ita ce malamanmu da likitoci da lauyoyin jihar su zauna su rubuta gyaran tare tun daga tushe, don kada ya isa zauren majalisa wani ya miƙe ya ce ajandar Turawa ce, a binne shi tun a karatun farko.